Gurbin mace ɗaya a fom, mata biyu a gida: nazarin lamarin wani nas daga Jigawa

Lamarin na wani ma'aikacin jinya ne, ɗan wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura, wanda ya samu aiki a wani asibitin gwamnati a arewacin Ingila. An ɓoye sunansa da na ƙauyen saboda maganar ta shafi aure biyu, kuma har yau ba ta mutu ba. A garinsu Likita ake ce masa, kamar yadda ake kiran duk wanda ya iya allura, amma shi cikakken nas ne mai rajista. Ya yi shekara uku a makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, ya kuma yi fiye da shekara goma yana aiki a babban asibitin ƙaramar hukuma.

Matansa biyu. Uwargida 'yar baffansa ce, auren zumunci, 'ya'yansu huɗu, babbansu namiji yana da shekara 16 lokacin da uban ya tafi. Ba ta wuce firamare ba, amma ta yi saukar Alƙur'ani, ita ke kula da tsohuwarsa, tana kuma sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da take aikawa kasuwar Gujungu ran Lahadi. Amarya malamar firamare ce mai shaidar NCE daga kwalejin ilimi ta Gumel, shekarunta 27, 'yarsu ɗaya. Akwai kuma maraya a gidan, ɗan yayansa marigayi, wanda ya tashi a ɗakin uwargida tun yana rarrafe.

Yadda ya tafi

Tafiyarsa shi kaɗai ba ta zo da gardama ba, sai wahala da kashe kuɗi. Birtaniya ta buɗe bizar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2020. Nijeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikata, don haka asibitocin Birtaniya ba su da izinin zuwa farautar nas a nan, amma in mutum ya nemi aikin da kansa ba a hana ɗaukarsa. Haka ya yi. Ya zauna jarrabawar Turanci ta IELTS a Kano, inda hukumar nas-nas ta Birtaniya, NMC, ke neman maki 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu. Rubutun ne ya kayar da shi a zaman farko. Daga nan sai jarrabawar kwamfuta ta fam 83, da fam 140 na tantance takardu, sannan hira da asibitin ta waya mai hoto, wadda ya yi a ofishin wani abokinsa a Dutse saboda sabis ɗin ƙauye ba abin dogaro ba ne. Asibitin ya aiko masa da lambar ɗaukar nauyi da ake kira CoS, ya je Abuja gwajin tarin fuka, ya karɓi takardar 'yan sanda mai nuna ba shi da wani laifi a kansa, aka buga masa biza. Jarrabawar ƙarshe ta gwajin aiki, OSCE, can ake yin ta, kuma asibitin ne ya biya fam 794 ɗin.

Tafiyar ta zo daidai lokacin da naira ke zubewa. Bayan gwamnati ta sake ta kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023, kuɗin da ya lissafa da damina bai kai ko'ina ba da kaka, har zuwa farkon 2024 fam ɗaya ya doshi naira 2,000. Bijimai biyu suka tafi kasuwar Maigatari wata Alhamis, aka kuma jinginar da gonar riɗi.

Abin da aka yi sallama a kansa a zaure daren tafiya shi ne: in ya zauna da gindinsa zai kwashe yara duka su yi karatu, mata kuwa za a yi karɓa-karɓa, wannan ta yi shekara biyu ta dawo, waccan ta je. Baffansa ya sa albarka, liman ya yi addu'a. Babu wanda ya karanta dokar, har shi kansa. Abokan aikinsa 'yan kudu da suka riga shi tafiya sun gaya masa iyali na bin mutum cikin sauƙi, kuma gaskiya suka faɗa, domin a cikinsu babu mai mata biyu.

Inda gizo ke saƙar

Birtaniya ba ta ce aurensa na biyu ba aure ba ne. Auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a ƙasar da ta yarda da auren mace fiye da ɗaya, tana ɗaukarsa a matsayin aure. Abin da ta hana, tun dokar shige da fice ta 1988, shi ne mutum ya shigo da mace fiye da ɗaya da sunan matarsa. Ƙa'idar kuma ba ta tsaya ga wadda ke cikin ƙasar a yanzu ba, ta haɗa har da wadda aka taɓa ba wa izinin. Wato in uwargida ta shiga da bizar matar ma'aikaci, ko da ta tattara ta dawo Jigawa bayan wata shida, gurbin ya cike muddin tana raye kuma igiyar aurenta na nan. Maganar karɓa-karɓa ta rushe ke nan tun kafin a fara.

Wannan kaɗai da sauƙi. Abin da ya fi ɗaga masa hankali ƙa'idar yara ce. Kafin a ba yaro bizar bin iyayensa, sai uwa da uba duka suna Birtaniya da izinin zama, ko suna nema tare da shi. Ana ɗaga ƙafa ne kawai in ɗaya ya rasu, ko in wanda ke can shi kaɗai ke ɗauke da dukkan nauyin tarbiyyar yaron, ko in akwai wani dalili mai tsanani da ya tilasta. Mutane da yawa suna zaton takardar amincewar uwa ta isa, a je kotu ta dangwala hannu cewa ta yarda uban ya tafi da su. Ba ta isa ba. Abin da jami'in biza ke dubawa shi ne wa ke yanke shawarar makarantar yaron, da lafiyarsa, da zamansa na yau da gobe. Uwar da ke raye, tana gida ɗaya da 'ya'yanta, ita ke tashinsu sallar asuba, ba yadda za a yi a ce ta sauke nauyinsu.

Saboda haka zaɓen mace ya zama zaɓen 'ya'ya. In amarya ta tafi, 'yarta ɗaya ce za ta bi ta, huɗun uwargida su zauna. In uwargida ta tafi, huɗu sun samu, 'yar amarya ta rasa. Maraya kuwa ba ya cikin lissafi ko ta wace fuska, tunda riƙo irin namu ba ya mayar da ɗan ɗan'uwa ɗa a takarda. Ga kuma lokaci yana ƙurewa: yaro sai yana ƙasa da shekara 18 ranar da aka shigar da fom ɗinsa na farko, babban ɗan kuwa ya riga ya shiga ta 17.

Lissafin aljihu kuma amarya yake nunawa. Albashin sabon nas a asibitin gwamnati a Ingila fam 28,407 ne a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024. In aka cire haraji da inshora da fansho, abin da ke shiga hannu a wata bai kai fam 2,000 ba sai an haɗa da aikin dare da na ƙarshen mako. Mai wannan biza ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati na haya ko na yara. Matar da ta biyo mijinta an yarda ta yi aiki, kuma amarya na jin Turanci, za ta iya samun abin yi cikin 'yan watanni, su uku su zauna a gida mai ɗaki biyu. Uwargida da yara huɗu kuwa sai gida mai ɗaki uku a kan albashi ɗaya, ga gida a Jigawa yana jiran aike.

Shawarwarin ejan

Ƙaninsa ne ya kai maganar wurin wani ejan a Kano, irin masu shagon cike fom da yankan tikitin Umara. Ejan bai ga wata matsala ba. Ya ce a yi wa yaran biyar sababbin takardun haihuwa da sunan amarya a matsayin uwa, a shigar da su gaba ɗaya. Da ƙanin ya kira shi ya gaya masa, sai Likita ya ce ya ɗauki biro ya cire 16 daga 27. Amarya za ta zama ta haifi ɗan fari tana da shekara 11 ke nan. Ejan ya ce ai shekarunta ma ana iya gyarawa. To amma shekarun nan suna kan lambar NIN ɗinta, da shaidar NCE, da takardar ɗaukarta aiki. Ban da haka, a fom ɗin bizarsa na farko akwai wurin da aka tambayi sunan mata da ranar haihuwarta, kuma sunan uwargida ya rubuta. Wannan bayani yana ajiye a wurinsu. Wanda aka kama da takardar bogi ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10, shi kuma nas da aka samu da rashin gaskiya yana iya rasa rajistarsa a NMC, wadda ita ce tushen aikin da bizar baki ɗaya.

Da wannan ta ƙi, ejan ya kawo ta saki: a rubuta wa ɗaya saki a takarda kawai, don idon Bature, aure na nan yadda yake. Wannan ko gaban liman ba ta kai ba, baffa ne ya kashe ta a tsaye. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san hadisin abubuwa uku da gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki, da kome. Wanda ya rubuta saki da hannunsa ya sa hannu a gaban shaidu, ya yi saki.

Ta ƙarshe ita ce a je rajista a yi wa amarya auren kotu, wai takardarsa ta fi ƙarfi a ofishin biza. Wannan kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai, har masu mace ɗaya suna ɓata kuɗi a kansa. Auren rajista na dokar tarayya aure ne na mace ɗaya tak, kuma kafin a ɗaura shi sai an yi rantsuwa cewa babu wani aure da wata daban. Mai uwargida a gida zai fara ne da rantsuwar ƙarya, ya ƙare da takardar da ba ta da inganci. Auren da aka ɗaura a masallaci da waliyyi da shaidu da sadaki ya wadatar, abin da ake buƙata hujjar da ke nuna an yi shi.

Ni a ganina ejan bai ma ɗauki abin da yake faɗa a matsayin zamba ba. Ya saba da ofisoshin da ake gyara shekaru da rantsuwar kotu ta 'yan kuɗi kaɗan, sai ya ɗauka ko'ina haka ne.

Zaman zaure

Aka koma ga liman, Likita na kan waya an ɗora ta a kan buzu an buɗe murya. Liman ya kawo abin da aka sani, cewa Annabi (SAW) in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Ya kuma faɗi abin da ke cikin littattafan Malikiyya, cewa miji na da zaɓin wadda zai tafi da ita, ban da tafiyar Hajji da ta yaƙi inda ake ƙuri'a. Amma ya ƙara da cewa malaman nan suna maganar tafiyar da ake zuwa a dawo ne, ta fatauci ko ziyara. Wannan kuwa ƙaura ce, kuma wadda aka bari an bar ta ke nan ba ranar da layi zai zo kanta. Ya ce shi ba zai jefa ƙuri'a a kan abin da ba shi da ramuwa ba, sai dai a nemi yardar wadda za ta zauna, kamar yadda Sauda ta bar wa A'isha kwananta da ranta ɗaya.

Wani abin lura shi ne, an yi zama biyu ana magana a kan matan nan ba tare da an tambayi ko ɗaya ba. Kowa ya ɗauka amarya na ɗokin tafiya, uwargida kuma ba za ta iya ba. Tsohuwar ce ta ce a shigo ciki a ji daga bakinsu.

Uwargida ta ce ita ba ta da sha'awar ƙasar da ba ta jin yarensu, ba ta san kowa ba, kuma ba ta son barin Inna. Amma ta ji an ce in ba ta je ba yaron nan ba zai je ba, kuma in ya cika 18 shi ke nan. Ta ce, "Malam, in don ni ce a bar ni a ɗakina. In don yara ne, ko ina ne zan je." Amarya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Yaya ta fi ni hujja, huɗu sun fi ɗaya. Amma a gaya mini matsayina, kada a bar ni a rataye."

A nan aka tsaya: uwargida za ta tafi. Ina ganin an zaɓi abin da ya fi kusa da daidai a cikin zaɓuɓɓukan da babu mai daɗi, duk da cewa shi ne mafi tsada. Amma kiran abin da amarya ta yi yarda yana da wuya a baki. An kawo mata maganar ne bayan an sayar da shanu, miji ya haye, ga surukarta zaune, ga ɗan kishiya da karatunsa ke rataye a kan amsarta. Wace mace ce za ta ce a'a a wannan zama, ta kuma ci gaba da zama a garin? Da an san ƙa'idar tun kafin a biya kuɗin jarrabawar farko, da ita da mahaifinta sun samu damar faɗin ra'ayinsu lokacin da ra'ayin zai iya sauya wani abu.

Takardu

Nan ma an sha fama, sai dai irin wanda ake gamawa. Auren uwargida ba shi da takarda, kamar yawancin auren ƙauye na wancan lokaci. Aka je kotun shari'a da waliyyinta da mutum biyu cikin waɗanda suka halarci ɗaurin auren, aka karɓo shaida, aka haɗa da hotunan suna da rasit na kuɗin da yake aiko mata. Yara biyu na farko a gida aka haife su, ba su da takardar Hukumar Ƙidaya, sai da aka nema. Sunan uban ya fito iri uku: wani wuri Muhammad, wani Mohammed, a takardar firamaren babban ɗan kuma sunan garinsu aka sa a matsayin sunan mahaifi, yadda hedimastoci suka saba yi. Ofishin fasfo na Dutse ba ya karɓar abin da ya saɓa wa NIN ko da harafi ɗaya, don haka gyaran nan kaɗai ya ci watanni, ana kallon ranar haihuwar yaron tana matsowa. Takardar gwajin tarin fuka wata shida take yi ta mutu, shi ya sa aka bar ta a ƙarshe. Ita ma uwargida sai da ta kawo takardar 'yan sanda, domin ana neman ta daga matar ma'aikacin lafiya. Ba a nemi ta yi jarrabawar Turanci ba.

Kuɗin biza fam 284 ne kowane kai a lokacin, in zaman bai wuce shekara uku ba, babba da yaro duk ɗaya. Sa'ar da aka ci ita ce iyalan ma'aikatan lafiya ba sa biyan harajin asibiti da sauran baƙi ke biya, wanda ya kai fam 1,035 a shekara ga babba tun Fabrairun 2024. Sai kuma nuna kuɗin ajiya a banki na kwana 28 a jere: fam 285 na mata, 315 na ɗan farko, 200 na kowane yaro bayansa. An shigar da fom ɗin babban ɗan saura 'yan makonni ya cika 18.

A ƙarshe yara uku ne suka bi uwarsu. Ta biyun, mace, tsohuwa ta ce ba za a kwashe mata gida kaf ba, aka bar mata ita.

Halin da ake ciki

Yaran sun shiga makaranta kyauta, ƙananan biyu har sun fara mayar wa uwarsu amsa da Turanci. Babban yana kwaleji, kuma an ja masa kunne cewa zamansa a ƙarƙashin bizar ubansa ya dogara ga kada ya yi aure ko ya ware gidansa, abin da ya sa baffa ya ajiye wata magana da ya fara ƙullawa. Uwargida ba ta aiki. Haya da wuta da harajin gunduma suna cinye fiye da rabin albashi, Likita na karɓar duk aikin daren da ya samu, gonar riɗi kuma har yanzu tana hannun wanda aka jinginar wa.

An yi tunanin amarya ta nemi tata bizar da ƙafarta, tunda doka ba ta hana mace ta biyu shiga a matsayin ma'aikaciya ko ɗaliba ba. Koyarwa a can na buƙatar digiri, NCE ba ta kai ba. Hanyar da ta rage ita ce aikin kula da tsofaffi, wanda aka buɗe wa baƙi a Fabrairun 2022, aka hana masu yin sa tafiya da iyali daga 11 ga Maris 2024, sannan aka rufe ɗaukar sababbi daga waje a ranar 22 ga Yulin 2025. Bizar ziyara ta wata shida tana nan a takarda, amma sai mai nema ya gamsar da jami'i cewa zai dawo, kuma matar da mijinta ke zaune can ba ta da sauƙin gamsar da kowa a kan haka.

Hutun sabon ma'aikaci a asibitin gwamnati kwana 27 ne a shekara, ban da ranakun hutun ƙasa. Su ne rabon amarya, in an samu kuɗin jirgi, kuma a cikinsu ne zai gaida tsohuwa, ya zaga gaisuwar mutuwa da barka, ya duba gona. Ba zai iya tsawaita zama yadda yake so ba ko da asibiti ya yarda, domin izinin zama na dindindin da yake hari bayan shekara biyar yana lalacewa in mutum ya yi fiye da kwana 180 a waje cikin wata 12, kuma ƙa'idar ta hau kan uwargida ita ma.

Amarya na nan a gidan, tana koyarwa, ita ke dafa wa tsohuwa, tana riƙe da 'yarta da 'yar kishiyarta da maraya. Kuɗin cefane na zuwa kan lokaci, ba ta taɓa kukan wannan ba. Da sallar da ta wuce mahaifinta ya aiko ƙaninsa wurin baffa da saƙo cewa shi bai aurar da 'yarsa don ta yi gadin gida ba, yana so a faɗa masa shekara nawa za a yi a haka, in kuwa babu amsa zai nemi alƙali ya duba maganar cutarwa. Baffa ya roƙi a ba shi zuwa hutun Likita na gaba. An amince, da sharaɗin a yi zaman da shi a zaune, ba ta waya ba.